Motar Burodin Zurmi

Zuwa ga maigidana, Baban Hafsat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka, ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, ninkewa za ka yi ka cusa a aljihun gaba, sai ranar wanki in tsinto ta a jiƙe. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cikina, kuma kai ka bar mini wannan kaya, don haka kai za ka saurara.

Yara suna lafiya. Hafsat ta kusa kamo ni tsawo, kuma ta gaji taurin kanka kaf, ba ta rage wa kowa ba. Abba ya daina tambayar yaushe za ka dawo daga asibiti, kuma wallahi shirun nasa ya fi tambayar yi mini ciwo. Inna tana nan, ƙafar ce dai. Gidan burodinka ne ba lafiya. Ma'aikatanka suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, idan aka ci gaba a haka, kafin damina mai zuwa sai dai in rufe ƙofa.

Ka san halin mutanenmu, ba wanda zai zo ya ce maka ya bar aiki. Sai mutum ya durƙusa a bakin ofis, ya gaishe ni da ladabi, ya ce yana son ya je ya dubo gida. In yi masa addu'ar Allah ya kiyaye hanya. Shi ke nan, sai dai daga baya in ji an gan shi yana dako a kasuwar Shinkafi, ko yana sayar da rake a tashar Zurmi. Yanzu da na ji sallama a bakin ofis sai gabana ya faɗi.

Bari in faro maka daga farko. Da na fita takaba na tarar da gidan burodin yana tafiya kamar kana nan. Malam Sa'idu ne ya riƙe shi, babban mai kwaɓinka, wanda kuka fara tare tun kuna gashi a tandar ƙasa a bayan zaure. Ni kuwa abin da na sani game da burodi bai wuce ci da shayi ba. Shi ya zauna ya nuna mini yadda ake gane fulawa mai kyau, da dillalin da ake ba kaya da wanda ake lallaɓawa a sallama, bai taɓa nuna ya gaji da tambayata ba. Komai ya yi tsada, fulawa da sukari da itace da man mota, amma muna lallaɓawa. Har na fara ganin kamar zan iya.

Sai ranar nan ɓarayin daji suka buɗe wa motar rabon burodi wuta a hanyar Zurmi. Bello direba ne ke tuƙi, Allah ya kuɓutar da shi, ya shigo nan Ƙaura da tayar baya a fashe. Na fito na ga hudar harsashi a ƙofar da yake jingina kafaɗa, na sa yatsana a ciki. A wurin na ce motar nan ta daina zuwa Zurmi, ta daina zuwa Shinkafi, mu tsaya iya cikin gari da masu shayi da shaguna. Na karɓi makullin na jefa a jakata. Me kake so in yi? Da wane ido zan kalli uwar wani in ce mata ɗanta ya mutu wajen kai burodi? Na ɗauka gata na yi musu. Da na tara su na faɗa, kowa ya ce madalla, Allah ya saka da alheri. Ban lura ba cewa babu wanda ya ɗago kai.

Daga nan aka fara zuwa dubo gida.

Ba zama na yi na naɗe hannu ba, kada ka ce. Albashi bai taɓa makara ba, ko da zan hana kaina. Na koma dafa musu abincin rana daga gida, shinkafa da wake da mai da yaji, ranar Juma'a har da nama. Na ɗinka musu riguna da sunan gidan burodin a baya. Na riƙa tara su duk ranar Asabar ina cewa duk mai damuwa ya faɗa, ƙofata a buɗe take. Su ci abincin, su sa rigar, su ce babu komai Hajiya. Amma aikin ya mutu a hannunsu. Ka tuna hayaniyar ɗakin kwaɓi, da waƙa da tsokana, har maƙwabta suna kawo ƙara? Ta koma ƙarar inji kawai. Burodi ya fara fitowa wani ya ƙone, wani bai tashi ba, in yi faɗa a ba ni haƙuri, gobe a maimaita.

Wata rana na shiga sito neman leda, sai na ga ƙulle-ƙulle jibge a lungu. Rabin buhun gero, ƙullin sabulu da omo, ledar magani, takalman yara. Na tsaya ina kallo, sai abin ya faɗo mini. Saƙon gida ne.

Ai na san da shi, ba wai ban sani ba. Na san duk ranar da mota za ta fita, sai ka sa an bar wuri a bayan kujerar direba, kowane ma'aikaci ya kawo abin da zai aika wa iyalinsa. Bello ya san gidan kowa, daga Badarawa har ƙauyukan bayan Zurmi, ya sauke burodi ya ratsa ya miƙa saƙo hannu da hannu. In zai dawo ya ɗauko tsohuwar wani da za a kai asibiti, ko matar wani mai tsohon ciki, ko dai ya kawo labarin cewa ya ga kowa da idonsa suna lafiya. Sau nawa na yi maka tsiya a kan haka? Ina cewa kai burodi kake sayarwa ko gidan waya ka buɗe, man mota yana ƙonewa a banza. Kai kuwa sai ka yi dariyar nan taka ka ce in zuba maka shayi.

Me ya sa ba ka taɓa zaunar da ni ka yi mini bayani ba? Yawancin ma'aikatanka mutanen ƙauyukan nan ne. Gonakinsu sun gagara nomawa saboda ɓarayin daji, hatsin da a da ake kawowa Ƙaura daga can, yanzu daga nan ake kai musu. Motocin haya sun yi ƙaranci, masu zuwan ma iyakarsu tasha, ba mai shiga ƙauye ya nemi gidan wani. Waya kuma sai an hau tudu ake samun sabis. Ashe abin da ya zaunar da su a wurinka ke nan. Mutum yana kwaɓi a Ƙaura hankalinsa kwance, don ya san guminsa zai isa bakin 'ya'yansa, kuma wani zai dawo ya ce masa ya gan su. Ni na tsare musu rai, na yanke su da gida, sannan na bi su da riga mai rubutu a baya.

Ko da na gane, ban mayar da makullin ba. Duk sanda na sa hannu a jaka sai in tuna hudar nan. Na ce a bari hanya ta yi sauƙi tukuna. Yaushe za ta yi sauƙi? Kai ma ka tafi kana jiran hakan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na daɗe ina jin haushin mutanen nan. Suna da kai fiye da yadda muke da kai. Sunan ɗan wane, jana'izar uban wane, kana can, mu kuma sai abincinka ya huce a kwano. Har a gadon asibiti, da ƙyar kake magana amma tambayarka ita ce ko motar Shinkafi ta dawo, ranar Alhamis ce ta kasuwa. Na fita baranda na yi kuka don takaici, ban bari ka gani ba. Kuma ban taɓa faɗa maka cewa ranar jana'izarka, da na ji yadda ƙattin nan suke kuka a ƙofar gida kamar yara, na ji alfahari da kai har ya kusa danne baƙin cikin ba. Kai da ka yi ta bin hanyoyin nan a gaban mota ba abin da ya same ka, sai hawan jini ya ɗauke ka a kan katifa. Har yau ina jin haushinka a kan tafiyar nan, Allah ya yafe mini.

Yanzu ga labarin da nake ta kewaye-kewaye don kada in rubuta shi. Makon jiya Malam Sa'idu ya yi sallama a bakin ofis. Ya ce yana son ya je ya dubo gida. Shi kam na san da gaske dawowa zai yi, ko rigar aikinsa a rataye ya bar ta. Matarsa Hajara tana da ciwon suga, maganinta ne a ledar nan da na gani a sito, kuma wanda ke hannunta ya ƙare. Bai roƙe ni mota ba, bai ko kalli inda take ajiye ba. Ni kuma na yi masa addu'ar hanya kamar kowa. Ya ɗaure geronsa a bayan mashin ɗin ɗan kabu-kabu suka kama hanyar Zurmi.

An tsinci buhun geron a gefen titi. Shi da mai mashin ɗin babu labari. Ba a kira kowa ba, ba a ga gawa ba. Kullum wayata tana hannuna, ban san wanne nake roƙo ba, ta yi ƙara ko kada ta yi.

Ka ga abin da tsarewata ta haifar? Da a mota ne, Bello ya san lokacin da ake bin ayarin motoci, ya san wanda zai kira a kowane gari kafin ya wuce. Na hana motar da ta san hanya, dattijo ya hau mashin ɗin haya. Ko kuwa da na bar motar, da su biyu za a ɗauke? Wa zai faɗa mini? Kai ne mai amsa irin wannan, kuma ka yi shiru.

Shekaranjiya saƙon Hajara ya iso ta bakin wani mai kai albasa. Ba ta zarge ni ba, da ma ta zarge ni da na fi samun sauƙi. Gaisuwa ta aiko, da tambayar ko motar za ta dawo zuwa, don maganin ya tafi tare da Malam, kuma akwai yara a gidan. Jiya Bello ya same ni, ya ce in na yarda shi zai je. Na tuna masa yana da mata da jariri. Ya ce ya sani, su ma waɗancan iyalin wani ne.

Baban Hafsat, na ba shi makullin.

Da ka ga gidan burodinka yau da safe. Ban aika a kira kowa ba, amma kafin in iso duk sun hallara, har da wani da ya tafi dubo gida tun kafin azumi. Kowa da ƙullinsa. An wanke motar, an canza taya, an jera burodi, an cika bayan kujera har sai da aka ɗora wasu a cinya. Na sayi maganin Hajara da gero na sa a ciki. Ɗakin kwaɓi ya ɗauki waƙa, burodin yau ya fito ja, ya tashi, irin wanda rabona da gani tun kana nan. Wani ya kira ni uwarmu. Abin da na yi ta nema da shinkafa da riguna da taron Asabar, yau na same shi a safiya ɗaya, kuma ban ji daɗin komai ba. Na san da me na saya. Haka kake ji duk ranar da mota ta fita? Haka ka yi ta ɗauka kai kaɗai, kana dariya kana neman shayi?

Bello ya ce in Allah ya yarda kafin azahar yana Ƙaura. Ya kira da suka sauke kaya a Zurmi, ya ce zai ratsa gidan Malam Sa'idu ya juyo. Tun daga nan wayarsa ba ta shiga. Wataƙila sabis ne. An yi azahar, yanzu ga shi ana kiran la'asar. Waƙar ta tsaya. Sun fito duk sun zauna a bakin ƙofa suna kallon titi, kuma matar Bello ta aiko a tambaya ko ya iso.

Zan ajiye biro in yi alwala, sannan in fita in zauna tare da su. Ban san abin da zan ce musu ba. In motar ta shigo, jibi ma sai ta sake fita, kuma ni zan miƙa makullin.

Ka huta lafiya, maigidana. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sada mu a inda ba a jiran dawowar kowa.

Matarka da ka bari da jama'arka,
Balkisu, Maman Hafsat
Ƙaura Namoda