Ɗigo Uku da Suka Ƙi Bin Layi

Zuwa ga Malam, maigidana, sanyin idona, inuwar da na fake a ciki shekara talatin, ruwan randata a tsakar rana.

Na sa takardar nan a aljihun rigarka don bakina ya kasa. In ka ga harafi ya karkace, ka yi min afuwa.

Kwana shida ke nan kai da Auta ko gaisuwa babu! Kai ka ci abinci a ɗakin karatu, ita a tsaye a kicin. Jiya ta sauko da akwatinta. Ta ce min in ka goge ɗigon nan uku daga binciken taurarin da kuke yi tare kafin ku aika shi ranar Alhamis, za ta cire sunanta daga aikin ta bar gidan. Ka san ta, zuciyarka ta ɗauko kaf.

Hasken raina, ka tuna inda na koyi karatu? A bayan tsofaffin takardunka, ina da shekara arba'in, hannunka a kan nawa, a teburin nan mai gurguwar ƙafa. Ran nan na juya takardar na ga ɗige-ɗige kamar an watsa wa kaji tsaba. Ka ce kowane ɗigo garken taurari ne, a tsakiyarsa akwai baƙin rami wanda ko haske ba ya kuɓuce masa. In garke ya yi girma, raminsa ya yi nauyi. Ka ja layi suka jeru, fuskarka kamar ganye bayan ruwan sama.

Yanzu Auta ta sake lissafi, cikin ɗigo sittin da huɗu, uku sun ƙi layin: garke ƙarami, rami ƙato. Kai ka ce kuskuren awo ne, ita ta ce sau huɗu ta duba. Ni ban san mai gaskiya ba. Amma kun zauna kun duba tare? Ko kana tsoron abokan aiki su ce layin da ka yi furfura a kai ya karkace?

Wayyo, farin watana! Dangi kaf sun ce lokacin karatuna ya wuce. Ni ma ban bi layi ba, kuma ba ka goge ni ba.

Don Allah ka ƙwanƙwasa mata ƙofa kafin Alhamis. Akwatin na kan gado, ba ta zuge shi ba tukuna.

Taka jiya, taka yau, taka har numfashi ya ƙare,
Maman Auta