Ƙofar da Za a Wanke Miki Ƙafa

Zuwa ga Arinola, mai hannun baban rini, farin watan Abeokuta, inuwar da nake gudu in fake a ranar zafi, ruwan kogin Ogun mai sanyi da safe, wadda dariyarta ke sa ni manta lissafi alhali da lissafi nake cin abinci. Gaisuwa mai yawa daga Ladejo naki, mai awon filaye na Ibadan, wanda yau kwana tara ke nan yana kiran wayarki tana ta kuka ba mai ɗauka.

Kwana tara, Arinola! Ko ɓarawon akuya ai akan saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Tunda kin rufe mini kunne, ga takarda, ita ba a kashe ta. Direban da ke kai zannuwanku kasuwar Oje ta nan Ibadan zai miƙa miki. Ki wanke hannu ki karanta, ko ma kada ki wanke, ni shuɗin nan na yatsunki shi ya fara kama ni.

Kin tuna ranar? An aiko ni auna iyakar filin da ke bayan marinarku, na zo da farar riga ina taƙama, na kafa na'urata mai ƙafa uku daf da tukunyar kakarki. Kika fito da muciya a hannu, kika ce in matsa kafin ki rina ni kyauta. Na tsaya ina miki bayanin doka, ke kuwa kika sa babban yatsa kika ture ni a ƙirji. Tabon yana nan a rigar, daidai saitin zuciya, kuma duk wanda ya ce zai wanke ta sai mun yi shari'a. Filin da na saba gamawa cikin yini ɗaya sai da na yi mako uku ina aunawa. Mai filin har ya fara zaton ƙasarsa ƙaruwa take yi.

To, ga mu yanzu. Mutanena sun zo, sun kwanta ƙasa sun gaida Baba Sowunmi, an karɓi doya da zuma da goro, komai ya tafi sumul, sai mahaifin naki ya gyara zama ya jefo tambayar da ta hana ni barci: “A wace ƙofa za a wanke wa 'yata ƙafa?” Kin san al'adarmu, a ƙofar gidan miji ake wanke wa amarya ƙafa kafin ta shiga. Ya ce ba zai sa ranar aure ba sai ya ji sunan garin da lambar gidan, kuma ya ba ni zuwa Babbar Salla, in ta wuce ban kawo amsa ba a ɗage maganar sai baɗi. Baɗi! Wa ya ba ni tabbacin zan kai baɗi da hankalina?

Ke kika ce tukwanen rini ba sa hawa mota, kuma baban rini ba ya jiran wanda ya makara. Ni na ce ofishina yana Ibadan, kuma namijin Ibadan ba ya barin Ibadan sai dai a ɗauke shi. Daga nan na yi wautar da ta jawo kwana taran nan. Na shimfiɗa taswira a kan tabarmarku, na auna hanya daga ƙofar ofishina zuwa bakin tukunyarki, na raba biyu daidai wa daida, fensir ya sauka a ƙauyen Ilugun. Na ɗago ina jiran yabo. Baba ya yi wani ɗan murmushi ya ci gaba da cin goronsa. Ke kuma kika ce ni mutum ne mai auna so da igiya, kika shige ɗaki kika bar ni da taswirata. Wallahi ya yi mini ciwo.

Abin da ba ki sani ba, ya sanyin idona, shi ne na tafi Ilugun ɗin. Na kama ɗaki na mako ɗaya a bakin titi, da nufin in riƙa zuwa aiki daga can, in rubuta lokacin tashi da na isa, in kawo miki hujja a rubuce ki ji kunya.

Ranar Litinin na fito da sassafe, takalmi yana ƙyalli, na tsaya na ɗaga hannu. Mota ta zo ta wuce. Wata ta zo ta wuce. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhun gari a kan cinyar kowa. Arinola, ni da aka haifa a bayan tasha, ni da na san tun ina cikin tsumma cewa mota ba ta barin tasha sai ta cika maƙil, yaya aka yi na manta? Taswira ta nuna mini titi, ba ta nuna mini cewa duk motar da za ta bi ta gabana an riga an cika ta a garinku ko a garinmu ba. Na shiga ofis bayan azahar, a bayan motar rogo, da ƙasa har cikin kunne.

Talata na samu akori-kura mai awaki. Ba zan ba ki labarin wannan tafiya ba, don ina so ki ci gaba da ganin girmana. Abin da zan faɗa kawai shi ne wani bunsuru ya ci gefen takardar da nake rubuta hujjata, kuma yanzu na gane ya fi ni hankali.

Akwai wata tsohuwa mai gasa masara a wurin da nake tsayawa. Kwana biyu tana kallona ina ɗaga hannu kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ranar Laraba ta miƙo mini masara, ta tambayi abin da ya kawo mai irin takalmina ƙauyensu. Na zayyana mata komai, har da rabawa biyu. Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki, sannan ta ce, “Ɗana, mu nan mota ba ta tsaya mana sai in ta lalace. Haka kake so auren naka ya zama?” Ta ce in ina son kujera in tsallaka titi in nemi abin da zai kai ni tashar Abeokuta, in hau daga tushe.

Haka na yi. Na tsallaka, ɗan acaɓa ya kai ni garin Odeda, na samu mota zuwa garinku, na shiga ta Ibadan na zauna a kujerar gaba kamar mai gari. Muka zo muka wuce ta ƙofar ɗakin da na kama, tawul ɗina yana shanye a igiya yana ɗaga mini hannu. Kuma na riga jiya da shekaranjiya isa ofis! Ki yi dariya, na ba ki izini, na san Baba ma abin da ya hango ke nan yana zaune, wanda ni ko rimi na hau ba zan gani ba.

Amma ni a cikin motar nan dariya ba ta zo mini ba. Na tuna ke ce za ki riƙa tsayawa a wancan gefen titin kowace safiya, rana tana hawa, rini yana lalacewa a tukunya, matan marina suna jiranki, duk don miji ya ce ya yi adalci. Da na raba hanyar biyu, ashe wahalar na ninka, na ba kowa cikakkiya. Ba ga tsuntsu, ba ga tarko. Kunya ta kama ni, kuma kewarki ta danne ni har na kasa cin sauran masarar.

Saura Gwaggo Sikira, yayar mahaifina, wadda ita ce za ta tarbe ki da ƙwaryar ruwa. Da na gaya mata shawarar da na yanke ta komawa garinku, ta ɗora hannu a ka, ta ce an gama da ɗan ƙaninta, an rina masa ƙwaƙwalwa, jikan mutanen Ibadan zai koma cin farin tuwon amala a garin surukai kamar marar gata. Ta kira ni mijin-ta-ce sau uku. Na ce na amsa. Na ce na'urata ƙafa uku gare ta, an yi ta ne don yawo, tukunyar kakarki kuwa ko ɗaya ba ta da shi. Ta yi fushi na yini biyu, jiya kuma ta aiko a gaya mini za ta zo, amma da sharaɗin ruwan wanke ƙafar daga rijiyar gidanmu za ta ɗebo shi a jarka, don ba ta yarda da ruwanku na ƙabilar Egba ba. Ki bar ta ta kawo, haka take nuna ƙauna.

Ga mabuɗi nan na naɗe a cikin takardar. Ɗaki biyu ne da falo a unguwar Itoku, cikin garinku, ƙofa mai koren fenti, da bishiyar lemo a tsakar gida. Ki kai wa Baba, ki ce ga amsar tambayarsa tun Salla da saura. Na san al'ada ta ce kada amarya ta tarar da ango a gida ranar da aka kawo ta. Zan fita, amma ki sani bayan bishiyar lemon nan zan laɓe, kuma tafiyar Ilugun ce fita ta ƙarshe da na yi ba tare da na gaya miki inda za ni ba.

In kin yafe mini, ba sai kin rubuta komai ba. Ki tsoma babban yatsan nan a tukunya, ki danna a ƙasan takardar nan, ki ba direba ya dawo mini da ita. In kuma ba ki yafe ba, zan zo da farar riga sabuwa in tsaya a bakin marina har sai kin ture ni.

Daga ƙofar gidan zuwa tukunyar kakarki taku ɗari biyu da goma sha ɗaya ne. Na auna, ki yi haƙuri, hali zanen dutse ne. Daga ƙofar zuwa ofishina kuwa tafiya ce mai tsawo, safe da yamma, damina da rani. Wannan ban raba ta biyu ba, Arinola. Duka tawa ce.

Naki, muddin baba yana kama zane,
Ladejo