Gyare a Kunnen Baba

Sabo, Ibadan, Afrilu 1968

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a can Inugu, ya aikin soja? Mu nan lafiya lau, sai dai Baba.

Ƙarar nan da yake ji a kunne ta ƙaru. Ya ce kamar gyare ne ya yi gida a ciki, ba ya hutu. Likita ya leƙa ya ce babu ƙwaro babu ƙurji, shekaru ne, sai haƙuri. Man shanu, ruwan albasa, rubutu, babu wanda ba mu gwada ba. Jiya ana tsakiyar cinikin goro da wata mata daga Shagamu ya miƙe ya bar ta da baki buɗe, wai kansa zai tsage. Baban da tun kafin a haife mu yake dillanci bai taɓa tashi a kan ciniki ba! Yanzu cewa yake zai bar rumfa ya koma Bebeji, wai can babu hayaniya. Wa ya rage masa a Bebeji, don Allah? Ina tsoron ka dawo ka tarar da gida babu shi. Ka yi masa magana, kai yake ji.

Ƙanwarka,
Murja

Inugu, Mayu 1968

Zuwa ga mahaifina Malam Labaran,

Bayan gaisuwa da ban girma, Allah ya ƙara sauƙi. Baba, ka dakata da batun Bebeji. Shiru shi ne abincin gyaren nan, a ƙauye sai ya fi ƙiba.

Ga 'yar rediyo nan na ba Shu'aibu direba, da igiyarta mai ɗan maɓalli da ake sawa a kunne. Kada ka kama tasha. Ka murɗa tsakanin tasha da tasha, inda take shuuu kawai, ka rage murya har ta zama kamar yayyafi. Ba so ake ta danne gyaren ba, so ake ya samu abokin hira ya ƙyale ka. Ka cire maɓallin in za ka yi alwala, ka riƙa goge shi da busasshen ƙyalle, ƙofarsa in ta toshe a sa tsinke a hankali. In za ta kwana biyu a ajiye, a zare batir. Ka adana ta kamar yadda kake adana abu mai daraja.

Ɗanka mai biyayya,
Uwaisu

Sabo, Yuni 1968

Zuwa ga Uwaisu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Saƙo ya iso. Da farko na ce yaron nan ya raina ni, ya aiko mini rediyo ya hana ni jin magana. To, abin ya yi. Gyaren yana nan, amma ya koyi ladabi. Na koma rumfa, har na sayar wa wasu fatake 'yan Sakkwato huhu bayan huhu ban ɗaga murya ba.

Sai dai ka jawo mini sarauta. Duk Sabo an ɗauka labarin yaƙi nake sauraro. Nata'ala mahauci kullum sai ya tsaya ya ce, "Malam, me suka ce?" Ni kuwa in ce masa, "Ruwa ake yi." Ba ƙarya na yi ba, abin da nake ji ke nan. Yanzu har girmama ni yake, wai ina da zurfin ciki.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Wassalam.

Mahaifinka,
Labaran

Sabo, Agusta 1968

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, domin aiki ya ɓaci. Kai ka ce ya adana ta kamar abu mai daraja, ka manta da wa kake magana? Mutumin da abu mafi daraja a wurinsa farin goro ne! Da zai je bikin suna a garin Ojo ya yi kwanaki, ya ce ba zai kai ta cikin turmutsutsu ba. Sai ya samo ganyen fita na naɗin goro ɗanye sharaf, ya naɗe ta tsaf da batir ɗinta, ya sa a kwandon goro, har da yayyafa ruwa kada ta bushe. Wallahi na so in yi dariya, amma da na ga fuskarsa sai ta maƙale.

Rediyo ta mutu, gurbin batir ya yi kore. Gyare ya dawo da 'yan'uwansa. Baba bai ƙara fita rumfa ba, ya ɗaure akwatinsa, ya ce ya lalata kyautar ɗansa kuma Allah ya nuna masa hanyar Bebeji. Inna kuka take ta yi. Shu'aibu zai juyo ranar Laraba, ka ba shi amsa don Allah.

Murja

Inugu, Agusta 1968

Murja,

Ina gaisuwa. Laifina ne, ɗan mai goro ne ni amma na manta. Ki zubar da batiran nan, ki kankare koren da bakin wuƙa, ki binne rediyon a buhun gero busasshe ya tsotse ruwan. In ta ƙi, ki kai wa Rabi'u mai gyara a unguwar Mokola. Ki zauna a kan akwatin nan in ta kama, kada ya fita da shi. Kuma ki ce wa Shu'aibu ya riƙa kama bakinsa, surutu ya yi masa yawa.

Yayanki

Sabo, Satumba 1968

Uwaisu,

Bayan sallama. Rediyo ta tashi, gero da Rabi'u sun yi aikinsu. Murja ta sauka daga kan akwati.

Shu'aibu bai kama bakinsa ba. Ya ce tun ranar da igwa ta tashi kusa da kai naka kunnen yake kuka, kuma rediyon da ka aiko mini ita ce taka, da ita kake samun sauƙi. Wata huɗu kana fama kana rubuto mini a goge da ƙyalle. Na yi fushi, na kuma yi hawaye, ba zan ɓoye maka ba.

Na je kasuwar Dugbe da ƙafata na sayo sabuwa, tana hannun Shu'aibu. Bebeji kuwa ta jira. Mai gyare ɗaya ba ya barin gida alhali na biyu yana hanya. Ka dawo lafiya, ka same ni a rumfa.

Mahaifinka,
Labaran