Ta ce kuɗina na caca ne, yau ta kawo min nata in zaɓa mata

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah a sakaya sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan, maganar kuma ta shafi dangin mijina. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara ce min in yi haƙuri, haƙurin nan na yi shi har ya fara yi min ciwo a ƙirji.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce a nan Kaduna, ɓangaren kuɗi nake, muna zaune a Unguwar Sarki da maigidana da yaranmu. Maigidana yana da yaya mace, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a wurinsa uwa ce, ba ya iya ɗaga ido ya kalle ta balle ya musa mata. Tana koyarwa a Islamiyyar matan aure ta unguwarmu, kowa Malama yake ce mata, ni kuma Yaya nake cewa. Ita ce uwar adashinmu, na daɗe ina zubi a hannunta, ban taɓa saɓa rana ba, ban taɓa sa ta aiko min ba.

Abin da ya fitar da ni daga adashin lissafi ne kawai, ba faɗa ba. Na ga abin da nake zubawa a farkon zagaye yana yi min cefanen wata, ranar da kwasata ta zo kuma kuɗin suna nan cif amma kasuwa ta gudu ta bar su. A ofis wata abokiyar aikina ta nuna min abin da ake ce wa ETF. Ga wanda bai sani ba, maimakon ka sayi hannun jarin kamfani ɗaya, sai ka sayi kaso a cikin kwando guda wanda aka zuba hannun jarin kamfanoni da yawa a ciki, ana saye ana sayarwa a kasuwar hannun jari, daga wayarka ma za ka yi. Kwandunan kala-kala ne. Akwai wanda aka kwaso manyan kamfanoni aka zuba ba zaɓe, har da bankunan kuɗin ruwa da kamfanin giya, akwai na zinare zalla, akwai kuma wanda kwamitin malamai suke tacewa, su fitar da duk kamfanin da sana'arsa ba ta halatta ba. Ban yi rawar kai ba wallahi. Na zauna na karanta takardunsu, na duba abin da kowanne yake yanka duk shekara a matsayin ladan kula, na duba ko in ka tashi sayarwa kana samun mai saye ko sai ka yi ta jira, na bi sunayen kamfanonin ɗaya bayan ɗaya. Na je har Abakpa wurin wani malami da ya karanci harkar kuɗi a Musulunci na tambaye shi. Sannan na zaɓi tataccen, na haɗa da ɗan na zinare. Har ɗan abin da ake cewa a cire daga riba a bayar don tsarkakewa, ina cirewa.

Sai da zagaye ya ƙare na je har gida na durƙusa na gaya wa Yaya ba zan shiga sabon zubi ba, na kuma gaya mata dalili, don ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, fuskarta ba yabo ba fallasa. Ashe abin ya tsaya mata, musamman da wasu mata biyu suka ji suka zo suna tambayata, daga baya su ma suka janye daga adashin. Ni ban kira su ba, ban kuma zuga kowa ba, amma a wurinta ni ce na watsa mata taro.

A shekarar da na fita daga adashin Allah ya yi wa Innata rasuwa. Inna tana da wata al'ada, duk azumi sai ta dama kunun tsamiya ta soya ƙosai ta aika a raba wa masu buɗa-baki, ko ba ta da lafiya sai an yi. Da azumin farko ya zo babu ita, na ce ni zan ɗora, ladan ya je mata. Na ɗauki hutu a ofis, na yi kunu da ƙosai har da dafa-duka, na cika kuloli, na sa a keke aka kai Islamiyya, don matan da suke zuwa tafsiri kowa ta ƙulla ta tafi gida da shi. Ina tsaye ina wanke tukwane ina hawaye ina jin daɗi, na ce yau Inna ta samu. Kafin la'asar sai ga mai keken ya dawo da kulolin, ko buɗe su ba a yi ba. Wai Malama ta ce a gaya min ba a buɗa-baki da kuɗin caca.

Bai tsaya nan ba. Washegari a gaban mata ta ɗauko magana a kan matan ofis da suka ga adashi ya yi musu ƙauyanci, suka koma cin riba ta waya, wai har suna neman su cusa wa mamatansu wuta a kabari da sunan sadaka. Ba ta kama suna ba, to wa take buƙatar ta kama, kowa ya ga kuloli sun shigo sun fita. 'Yan uwa, ni in aka zage ni ina iya shanyewa, amma a ce sadakar da na yi wa uwata wuta ce, wannan maganar har yau na kasa shanye ta. Tun daga nan sunana ya lalace a unguwa. Da sallah na aika tuwo gidajen maƙwabta kamar yadda aka saba, wasu suka karɓa, daga baya na ji an ce juyewa suka yi a bola. In na kai gudummawar biki sai a karɓa da 'yan yatsu biyu ana kallon juna. 'Yata ta dawo daga makarantar allo tana kuka, wai an ce mata babarta 'yar caca ce.

Na kai wa maigidana kuka, na ce ya je ya yi mata bayani, ko ya bar ni in kai mata takardun da fatawar malaman ta gani da idonta. Ya ce in rufa masa asiri, Yaya ce, ba zai iya zama ya gyara mata karatu ba, wai in bari lokaci zai wanke ni. Muka yi ta sa-in-sa har na daina tayar da maganar, don na gane in dai a kan yayarsa ne ba ni da miji. Na ci gaba da gaishe ta, in mun haɗu a taron dangi na durƙusa, ta amsa da kai. Ban yafe ba, ban kuma taɓa yin kamar na yafe ba a tsakanina da Allah.

Harkar tawa kuwa na ci gaba da ita. Akwai lokacin da kasuwa ta faɗi na ga kuɗina sun ragu, na yi shiru ban gaya wa kowa ba don kada a ce alhaki ne. Na daure ban sayar ba, jarin ya dawo ya hau. Da shi na gyara rufin gidan Inna da yake yoyo, inda ƙannena suke zaune. Ina jin wannan gyaran ne ya kai labari kunnen Yaya.

Kwanakin baya da rana, maigidan yana wurin aiki, sai ga sallamarta. Matar da rabonta da tako gidana tun kafin rasuwar Inna. Ta zauna ta sha ruwana, ruwan da aka saya da kuɗin caca, har ta ci cincin. Aka yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta sauke murya ta ce ta sayar da wani fili da ta gada a Mando, kuɗin suna zaune a banki suna narkewa, ta ji an ce wannan abin da nake yi akwai na halal a ciki, tana so in buɗe mata in zaɓa mata. Wai ta sake bincike ta gano malamai sun yi saɓani. Ta ƙara da cewa don Allah kada kowa ya ji, ko ƙanin nata.

Na ce mata to Yaya, tunda kin gano haka, matan da kika gaya wa waccan maganar fa, ba za ki koma ki gaya musu wannan ba? Sai ta ɓata rai, ta ce ai ita ba ta kama sunan kowa ba, kuma abin da ya wuce ya wuce, malami ba ya tsayawa gaban ɗalibai yana warware maganarsa, girmansa zai zube. Girmanta take ji, nawa da na uwata ko oho. Ko kalmar yi haƙuri ba ta fito daga bakinta ba. Na yi murmushi na ce ba komai, kawo wayar.

Na buɗe mata asusun, aka tantance ta, ta tura kuɗin suka shiga. Yanzu saura zaɓe kawai. Yaya ba ta jin Turanci sosai, takardun nan ko ta buɗe ba za ta gane komai ba, sunayen kwandunan ma duk ɗaya suke a idonta. Ta ce ke kika san abin, duk wanda kika danna shi ke nan. Nan take shawara ta zo min, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na kore ta ba. In zaɓa mata wancan kwandon mai bankunan ruwa da kamfanin giya a ciki. In bar ta har a raba riba ta shiga asusunta, ta cira ta ci ta sha ta yi ɗinki. Sannan in ɗauki hoton asusun da sunanta a sama, in jera sunayen kamfanonin a ƙasa, in fassara da Hausa, in tura guruf ɗin matan Islamiyya. Ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba. In ga bakin da za ta hau kujera ta yi tafsiri da shi, in ga wanda zai sake karɓar abincin gidanta. Har na san ranar da zan tura, cikin azumi. Na ce mata an rufe kasuwa yau, ta dawo ranar Asabar mu zauna in nuna mata, Litinin a saya.

Na rako ta bakin get, tana gyara hijabi sai ta ce min, kin san kuɗin nan na kujerar Makka ne, duk shekara in na kusa sai kujerar ta ƙara tsada, shi ya sa nake so su ɗan motsa kafin lokacin biya. Ta ce in Allah ya kai ta za ta saka Inna a addu'a. Ita ce za ta saka Inna a addu'a, ku ji fa. Na tsaya ina jiran zuciyata ta yi sanyi, ba ta yi ba. Daɗi na ji. Na ce a raina ashe abin ya fi yadda na tsara, ta je ta yi ɗawafi da ribar giya, ta dawo da haƙorin Makka ana ta Hajiya Malama, sannan in saki hoton. Wannan daɗin da na ji shi ya ba ni tsoro, shi ya sa na zo gare ku, don ban san ina da irin wannan zuciyar ba sai da matar nan ta tono ta.

Na san abin da wasunku za su rubuto. Amana ce ta ba ni, in na cuce ta zunubin nawa ne, ita da ba ta sani ba Allah ba zai kama ta ba, kuma aurena ba zai kai labari ba ranar da maigidana ya gane hannuna a ciki. Duk na lissafa, aikina ke nan lissafi. Na kuma san gaskiyar da ya kamata in gaya mata, cewa kuɗin da za a nema nan kusa ba a zuba su duka a kasuwar da take hawa da sauka, ko da a tataccen ne. Ban gaya mata ba. Wata zuciyar tana ce min in mayar mata da kuɗinta banki in ce ba zan iya ba, to amma sai ta je wani ya yi mata a ɓoye, ta ci ribar abin da ta tsine min a kai, ni kuma ina nan a 'yar caca. Wata tana ce min in kafa mata sharaɗi, ba zan taɓa wayar ba sai ta tsaya gaban matan nan ta ce ta yi kuskure, amma na san Yaya, za ta gwammace ta kai ƙarata wurin ƙaninta ta ce na yi mata rashin kunya.

Don haka ga tambayata, kuma don Allah wanda bai taɓa binne uwa ba ya yi min a hankali. In na zaɓa mata mai kyau na riƙe mata sirri, ta tafi ta dawo da girmanta cikakke, 'yata kuma ana ci gaba da nuna ta a makaranta, wa zai wanke ni, kuma yaushe? In akwai hanyar da matar nan za ta janye maganarta a gaban waɗanda ta faɗa wa ba tare da na sa hannuna a wuta ba, ku nuna min ita kafin Asabar. In babu, ku gaya min gaskiya babu, don wallahi yadda nake jin kaina yanzu, in ta miƙo min wayar nan ban san wanne yatsana zai danna ba.