Ranar da Baba Ya Fuskanci Yamma

Daren Talata, Barade

Yau ma Baba ya ɓata. Ya fita da hantsi wai zai leƙa shagon ɗinkinsa a Kasuwar Jalingo, shagon da ya rufe tun bara. Sai bayan azahar wani mai keke ya tsince shi a Sarkin Dawaki yana tambayar mutane hanyar gidan Audu Tela, gidansa ke nan. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin hanyar nan da ƙafa!

Na kai shi asibiti. Likita ta rubuta wata kalmar Turanci a katinsa, disoriented. Na ce, "Likita, fassara mini, Turancina bai kai nan ba." Ta ce ana faɗarta ga wanda ya rikice, ya kasa gane inda yake ko inda ya dosa. Har haushinta na ji. A raina na ce gajiya ce kawai da zafin rana, su dai ba sa rasa sunan da za su liƙa wa mutum.

Da magariba na kai masa buta, ya yi alwala tsaf. Ya shimfiɗa darduma a ɗakin da ya gina da guminsa, ya fuskanci yamma. Shi ne fa ya koya mini salla ina 'yar shekara bakwai.

Na ce, "Baba, nan ne gabas."

Ya dube ni ya ce, "Na gode, baiwar Allah. 'Yar gidan wa ce ke?"

Na juya masa dardumar, na ce, "'Yar gidan Audu Tela ce."

Ya ce, "To, ki gaishe shi."