Cin Fuskar Daudu

Assalamu alaikum Malama Batulu. Don Allah ki agaza mini da shawara kafin Juma'a, abin da ke gabana ba ya jira. Ni ban yi boko ba, 'yata Ma'u ce ke rubutawa, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana. Ta ce a ɓoye sunaye. Na ce nawa a ɓoye, na ƙanena kuwa a rubuta shi ɓaro-ɓaro: Daudu.

Ni manomi ne a Roni, gero da gyaɗa, na doshi tamanin. A danginmu ni ake tambaya wa ya haifi wa, iyakar gonar wane daga wace tsamiya ta fara, wace shekara fari suka cinye dawa. Ba takarda, a ka nake riƙewa. Daudu shi aka sa a makaranta, ya yi aikin gwamnati a Kazaure har ya yi ritaya, can ya zauna.

To akwai rijiya a gidanmu na gado. Ni na haƙa ta, ni da aminina Kaumi, wani Babarbare da ya zauna tare da mu, Allah ya jiƙansa. Shekarar da motoci suka koma hannun dama ne. Ƙasarmu dutse ce, wata biyu muna dukan marmara da dagi kafin mu ga danshi. Ranar da ruwa ya fito wani mai hoto da ke wucewa a keke ya ɗauke mu, hoton ya ɓata tun tuni.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wajen ɗaurin auren wani ɗanmu, ina ba surukai wannan labari, na ce lokacin Daudu yana makaranta, ko kwando ɗaya na ƙasa bai fitar ba. Sai ya miƙe a gaban baƙi ya ce shi bai san wani Kaumi ba, shi ya ja igiya, ba a taɓa ɗaukar wani hoto ba, ni tsufa ne ya fara taɓa ni, abin da ba a rubuce yake ba kuwa tatsuniya ce. Malama, mutane suka yi dariya. Wannan cin fuska ban taɓa ganin irinsa ba. Ni ma ban ƙyale shi ba, na faɗa masa abin da Ma'u ta ƙi rubutawa. Tun daga ranar sai gaisuwar fatar baki a wajen jana'iza. Ƙafarsa ba ta sake taka gidan da aka binne cibiyarsa ba.

Bara yayarmu Adda ta rasu. Da mata suka buɗe akwatinta, Shatu 'yar Daudu ta tsinci wani abu naɗe a tsohon ɗankwali, ta yi shiru da bakinta. Ita Shatu sana'arta yin kek a Kazaure, irin wanda yanzu ake ɗora hoton mutum a sama, wai har hoton ci ake yi. Ni dama ba na son abin. Na taɓa gani a wajen suna, an yanka fuskar jariri gida huɗu ana tafi, na ce Allah ya kyauta, na tashi.

Bayan Babbar Sallah yaranmu suka haɗa taron zumunci a Kazaure. Na ce ba ni zuwa. Ma'u ta ce in ban je ba wa zai faɗa wa jikoki asalinsu, da haka ta ci ni. Aka zaunar da ni a kujera, Daudu can ɗaya gefen yana ta goge tabarau kamar bai gan ni ba. An ci shinkafa, an yi addu'a, sai ga Shatu da faranti mai faɗi a rufe. Ta durƙusa ta ce Baba Babba, kai ne babba, kai za ka buɗe.

Na ɗaga murfi. Malama, rijiyarmu ce! Ga bakinta, ga tulin jar ƙasa, ga ni tsirara daga ƙugu zuwa sama, laka har gashin kai. Ga Kaumi a damana da dagi a kafaɗa, da tsagen nan nasu na Barebari raɗau a kumatu, yana dariyar nan tasa. Shekara hamsin da wani abu ban ga fuskarsa ba, sai a kan kek. Ga kuma Daudu a hagu, siriri, riƙe da igiya, ina jin dai mai hoton ne ya ce ya riƙe don hoto ya yi kyau.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce a kira kowa, har masu wanke kwanuka. Na ce ga tatsuniya nan ta fito da ƙafafunta, a zo a gaishe ta. Jikoki suka yi caa da wayoyi. Daudu ya taso ya sa tabarau, ya sunkuya, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya ce wallahi Kaumi ne, shi ne mai ba shi dabino. Sai ya cire hula a gaban 'ya'yansa da surukansa, ya ce Yaya ka yafe ni. Na ce na yafe, ai yaro ba ya ƙin ɓata. Shekararsa saba'in da ɗaya. Aka yi ta dariya, mata suna guɗa, Shatu na kuka. Ko ranar da ruwa ya fito ban ji daɗi haka ba.

Sai aka miƙo mini wuƙa. Na duba, duk inda na sa ta sai ta ratsa tsakanina da Daudu, ko ta bi ta wuyan Kaumi. Na ce ba da hannuna ba. Na zagaye gefe-gefe na yanke, aka raba wa jama'a, tsakiyar mai fuskokin nan uku na sa aka rufe, na ɗora a cinya a bayan babur har Roni, ina yi wa mai babur faɗa a kowane rami. Yanzu haka yana cikin firjin Haladu mai sayar da ruwan sanyi a bakin kasuwa. Kullum da hantsi nakan je a buɗe mini in duba.

Ga matsalar. Yau kwana tara. Haladu ya ce wuta ba ta zama, kuma na tsare masa wurin lemo. Shatu ta aiko cewa abin ba ya daɗewa. Daudu kuma ya aiko zai zo ranar Juma'a bayan masallaci, zuwansa na farko a shekara goma sha ɗaya, har yana cewa a ajiye masa rabonsa. To wane rabo? In na ba shi tasa fuskar, ya ci kansa. In na ci tasa, na ci fuskarsa ke nan a gidan ubanmu, abin da ya raba mu tun farko. Ta Kaumi fa, mamaci? In zubar kuma, abinci ne, ga shi fuskokinmu ne kaji za su tsattsaga. Ma'u ta ce fulawa ce da sukari kawai. Na ce da bakinmu muke cewa cin fuska, magabata ba su sa wa abu suna a banza ba.

Ina tsoron in yi abin da zai sake korar yaron nan. Ki faɗa mini yadda zan yi. Kuma ki rubuta a jaridarku cewa ni ne da gaskiya, tunda shi sai abin da ke rubuce yake yarda da shi.

Naki,
Tsoho Mai Rijiya, Roni

*

Wa alaikumus salam Baba. Barka da wannan nasara, Allah ya jiƙan Adda da Kaumi. Ga shi na rubuta, kowa ya karanta: an yi Kaumi, an ɗauki hoto, abin da ka riƙe a ka shekara hamsin ya fi takarda ƙarko. Wanda ya ce maka tatsuniya ya yi kuskure, ya kuma amsa kuskurensa a gaban jama'a.

Amma Baba, ka yi mini izini in ƙarasa karanta hoton. Ka ce Daudu bai fitar da ko kwando ɗaya ba, ga shi kuma a bakin rijiya da igiya a hannu. Kana can ƙasa kana dukan dutse, wa ke jawo kwandon sama? Mai cikin rami ba ya ganin fuskar mai igiya, amma ransa a hannunsa yake. Kek ɗin nan shaida biyu ya bayar, ɗaya taka, ɗaya tasa. Shi ya cire hula ya karɓi taka. Tasa har yanzu tana cikin firjin Haladu. Ita ce rabon da ya aiko a ajiye masa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kan maganar ci, ban raina ƙyamarka ba. Hannun da ya ƙi sa wuƙa tsakanin 'yan'uwa hannun kirki ne, kuma akwai mutane da yawa da ba sa son hoto a kan abinci. In zuciyarka na son jin hukuncin addini, tambayi limaminku, ni ba malamar fatawa ba ce. Sai dai Ma'u ma ba ta yi ƙarya ba. Fuskar da ake ci a wulaƙanta mutum ba a faranti take ba, da harshe ake cin ta, kuma ku biyun kun ƙoshi da wannan tun a ɗaurin auren nan.

Ga abin yi. Na farko, kek ba ma'ajiyar tarihi ba ce. Hoton asali yana wajen Shatu. Ta wanko manya guda uku a sa a gilashi: naka, na Daudu, da na iyalan Kaumi in za a same su. Na biyu, kwana tara da wutar da ba ta zama sun yi yawa. Shatu ta duba shi, in ta ce ya juya kada kowa ya ci, a kankare hoton a binne sauran a gindin bishiya, ta yi muku ƙarami sabo, ba wuya. Na uku, ka zaunar da Ma'u ta rubuta duk abin da ke kanka, gona-gona, gida-gida, Daudu yana gefe yana ƙara nasa.

Ranar Juma'a kuwa, ka shimfiɗa tabarma a bakin rijiyar. Kafin a taɓa faranti ka ce masa: Daudu, kai ka ja igiya, ni ma ka yafe ni. Kalma goma ce kacal, ba ta kai dukan marmara wuya ba. Sannan ka ba shi wuƙar. Ya miƙo maka tasa fuskar da hannunsa, ka miƙa masa taka, ta Kaumi ku raba biyu ku yi masa addu'a, ku kora da ruwan rijiyar. Abin da mai shi ya ba ka da hannunsa yana dariya ba wulaƙanci ba ne. Wannan ne kaɗai cin fuskar da na sani ana fara shi da bismillah, ku yi shi ya zama na ƙarshe a tsakaninku.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa Daudu ya saba da hanyar gida, ya yi wa Shatu albarka a sana'arta. A gaishe da Haladu, a kuma sakar masa firjinsa.

Malama Batulu