Cikin Farfesa Na Wata Bakwai

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Umma da duk mutanen gida. Yaya ƙafar nan taka da ke kumbura in ka daɗe a tsaye? Yaya kasuwa? Ni lafiyata lau, karatu sai godiya.

Baba, sau goma sha ɗaya na kira wayarka tun da na dawo makaranta, ba ka ɗauka ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, Yaya ya karanta maka. Kai kuma Yaya, ka karanta yadda na rubuta, kada ka yi mini gyara, na san halinka.

Na san abin da na yi. Ranar da zan taho na tsaya a bakin rumfarka, gaban masu sayen nama, na ce sana'ar fawa zalunci ce, kuma a jami'a an buɗe mana ido. Ka goge hannu da tsumma, ka ci gaba da naɗe wa wata mata nama a takarda. Da ka mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ƙungiyar da ta sa na yi wannan kauɗin ita ce ta ɗalibai masu kula da dabbobi da tsaftar muhalli. Ba shirme muke yi ba, Baba. Kowace Asabar muna tsince leda a harabar makaranta, mun rataya kwanukan ruwa a bishiyoyi saboda tsuntsaye, mun kuma hana a zuba wa magen ɗakin cin abinci guba. Shugabanmu wani dogo ne da muke kira Kwamanda, mutumin kirki, sai dai bai taɓa riƙe akuya ba sai da ya zo jami'a.

Akuyar da ya fara riƙewa kuwa ita ce Farfesa. Baƙa ce mai farin goshi, ba wanda ya san mai ita, a jujin bayan ɗakin kwananmu take kiwo. Sunan ya samo asali ne daga ranar da ta shiga aji ana tsakar darasi, ta haye wajen allo, ta cinye takardar malami tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ta zama 'yar gatan ƙungiya, domin an ce tana da ciki. Kowa na kawo mata biskit da burodi, an yi mata rumfa, har an raɗa wa 'ya'yan suna tun ba su zo ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, tun farkon shekarar karatu ake cewa tana da ciki. Na ƙirga da yatsu, wata bakwai ke nan. Mu arba'in ne a ƙungiya, akwai masu karatun lissafi, amma ba wanda ya san cikin akuya wata biyar ne. Ni na sani, a wajenka na ji. Ga haƙarƙarinta duk a waje, hantsarta a bushe, kashinta ɗan mitsitsi. Kuma na zauna na zuba mata ido rabin yini, ko sau ɗaya ba ta yi tuƙa ba.

Jiya na faki ido na yi abin da kake yi in za ka sayi dabba. Na dunƙule hannu na danna kwiɓinta na hagu. Wurin ya lotsa bai dawo ba, a ƙarƙashi kuma na ji abu mai tauri kamar ƙunshin tsumma. Baba, ba 'ya'ya ba ne, ko?

Ban gaya wa kowa ba. In na faɗa, za a tambaye ni inda na koya, ni kuwa na gaya musu babana ɗan kasuwa ne kawai. Ga shi ka ji wannan ma.

Ka gaishe mini da Umma. Allah ya ƙara lafiya.

'Yarka,
Lauya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Umma da Yaya, da fatan kowa yana lafiya. Wannan takarda direban motar safe na ba, don ta iske ka yau, ka yi haƙuri da rubutun, cikin gaggawa na yi shi.

Ba ka ba ni amsa ba, amma Farfesa ta ba ni. Ranar Litinin ta kwanta ta kasa tashi. 'Yan ƙungiya suka kewaye ta suna murna wai naƙuda ce, wata har ta kawo tawul. Ni dai ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce musu leda ce cike da tumbinta, in ba a fasa ba mutuwa za ta yi. Kwamanda ya tambaye ni yaushe na zama likita. Na ce ni ba likita ba ce, 'yar mahauci ce, tun ina 'yar shekara shida nake wanke tumbi. Ni kaina na ji maganar kamar daga bakin wata ta fito.

A baro muka kai ta asibitin dabbobi na makaranta. Likitar wata 'yar gajeruwar mata ce marar yawan magana. Ta danna daidai inda na danna, ta ɗago ta dube mu, ta tambaya wa ya gano. Da aka nuna ni sai ta miƙo mini safar hannu, ta ce in shigo in riƙe mata kan akuyar.

Baba, na sha ganin ana fasa cikin dabba, amma ban taɓa ganin an fasa na mai rai tana numfashi a hannuna ba. Likita ta zura hannu har gwiwa ta fara ja. Abin ya riƙa fitowa kamar igiyar rijiya, baƙi ƙirin, a murɗe, ba ya ƙarewa. Leda, ledar ruwa, igiyar takalmi, guntun soso. Bokiti ya cika aka sake kawo wani. Ina ta salati a zuciyata. Ashe wannan baiwar Allah da kayan nan take yawo wata da watanni, tana bin mu, tana lasar hannunmu. Wane irin rai Allah ya sa a jikin ɗan abin nan?

Da aka wanke aka baje a ƙasa, sai ga ledojin biskit ɗin da muke ba ta, da yawa. Sai ga wani koren ƙyallen roba da sauran rubutu a jikinsa. Tutar ƙungiyarmu ce, wadda ta ɓace tun watan farko. Kwamanda ya durƙusa ya ɗauka, ya daɗe yana kallo, sannan ya fita waje. Ba wanda ya bi shi.

A lokacin ne na tuna da kai. Na tuna yadda kake sunkuyawa kana tsince leda tun daga ƙofar gida har garken da kake ɗaure dabbobinka, kana cusawa a aljihu, ni kuwa ina ja da baya don kada ƙawayena su ce tare muke. Na tuna masu saye suna mita wai kai kaɗai ne ba ka sa nama a leda. Na ɗauka rowa ce, wallahi. Ashe kai kullum kana ganin abin da ni sai yanzu na gani.

An ɗinke ta, ta farfaɗo, amma yau kwana uku ba ta ci ba, ba ta yi tuƙa ba. Likita ta ce tumbin dabba cike yake da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narka mata ciyawa, na Farfesa kuwa sun mutu. Magani ɗaya ne, a samo ruwan tumbin wata lafiyayyar dabba da aka yanka yanzu, da ɗuminsa, a ɗura mata. Ta ce in aka wuce kwana biyu, ba ta jin za ta kai.

Mun je mayankar garin nan. To, watan jiya mu ne muka tsaya a ƙofarta da kwalaye muna ihu. Mahautan sun gane fuskokinmu tun daga nesa. Babbansu ya saurare mu har ƙarshe, sannan ya nuna mana hanya da bakin wuƙa. Ban ga laifinsa ba.

Ba ni da bakin roƙonka, Baba, amma ba ni da wani mahaucin sai kai. In ba don ni ba, don ita.

Na bar ka lafiya.

'Yarka,
Lauya

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Ina fata ka isa gida lafiya, ƙafar kuma ba ta matsa maka ba bayan wannan doguwar tafiya. Yaya Umma da Yaya da sauran mutanen gida?

Ka zo ka tafi cikin awa ɗaya, ko ruwa ba ka sha ba, don haka akwai abin da ba ka gani ba, akwai kuma abin da ni na gani da ban iya faɗa maka a tsaye ba.

Da mai gadi ya aiko wai wani dattijo na nemana a ƙofa, na fito da gudu, na gan ka rungume da ƙirji kamar mai ciwo. Ashe filas ɗin shayin Umma ne a cikin rigarka, naɗe da tawul, awa huɗu kana ɗumama shi da jikinka a mota. Daga baya Yaya ya gaya mini ragon da ka yanka da safen ranar wanda ka yi kiwo da hannunka ne, wanda ka tabbata bai taɓa cin leda ba, kuma ba ranar yankansa ba ce.

Ka san Farfesa tun da aka yi mata aiki ba ta yarda da kowa? Ko Likita ba ta iya taɓa ta sai an danne ta. Kai kuwa ka tsuguna, ka ɗora tafin hannu a wuyanta, ka sunkuya kana yi mata magana ƙasa-ƙasa a kunne, sai na ga jikinta ya saki. Na san wannan muryar. Ita ce kake yi wa kowace dabba kafin yanka, bayan ka ba ta ruwa, wuƙa a ɓoye a bayanka don kada ta gani. Shekara nawa ina kallon wannan, ban taɓa tambayar kaina mene ne ba. Mu da muka rubuta tausayi a kwali, ba wanda hannunsa ya iya abin da naka ya yi.

Da ka buɗe filas ɗin, warin ya kori rabin 'yan ƙungiya. Kwamanda dai bai motsa ba, shi ya riƙe ƙyallen da ka tace ruwan, hawaye na zuba, ban sani ba ko na wari ne ko na wani abu. Likita ta ɗura mata. Ka wanke hannu, ka ce mini in ta yi tuƙa in sanar da kai. Iyakar maganar da ka yi mini ke nan. Na raka ka ƙofa, a hanya ka sunkuya sau shida kana tsintar leda. Na bakwai ni na riga ka.

Ranar ba ta yi komai ba. Washegari da hantsi ta ɗan tsinki ganyen da muka rataya mata, ta koma ta kwanta. Muka zauna a ƙasa kewaye da rumfar, wasu da littattafai a cinya, ba mai karantawa. Can wajen azahar sai ta ɗaga kai, ta tsaya cak kamar mai sauraron kira daga nesa. Na ga cikinta ya motsa. Sai ga wani ɗan dunƙule ya taso daga ƙirjinta, yana hawa wuya a hankali, ana ganinsa ta ƙarƙashin fata, har ya isa baki. Ta lumshe ido, muƙamuƙinta ya fara juyawa.

Allahu Akbar! Baba, mutum arba'in, ba wanda ya yi tari. Abin da nake gani kullum a garkenka ban taɓa ɗaga kai na kalla ba, shi ne ya sa tsikar jikina ta tashi. Halittun da ido ba ya gani sun fito daga cikin ragon da ya mutu, sun yi tafiyar awa huɗu a ƙirjinka, sun shiga cikin akuyar da ba ta da mai ita, sun kama aiki. Na ƙirga mata, sau hamsin da biyu ta tauna kafin ta haɗiye, wani kuma ya taso. Likita da ba ta dariya, sai da na ga haƙoranta.

Ranar Asabar za mu koma mayankar garin nan, ba kwali, da buhuna, mu tsince musu ledar da ke kewaye da garken dabbobi in sun yarda. Kwamanda ya ce ni zan yi magana, tunda ni ce 'yar gida.

Yaya ya ce yanzu in na kira za ka ɗauka. Na sani, amma da gangan na rubuto. Yaya, wannan kada ka karanta ta a gida. Ka kai ta rumfa, ka bari sai masu saye sun taru, ka karanta da ƙarfi daidai inda na tsaya ranar nan.

Baba, ka ce in sanar da kai. Ta yi tuƙa. Ni kuma na yi ƙarya a kanka a gaban mutane, ka yafe mini.

Allah ya ja kwana, ya bar mana kai.

Taka har kullum,
Lauya, 'yar mahauci